Zuwa Ga Bazazzagi, Injiniyan Sanduna Biyu

Bazazzagi, bawan gidanmu, ina gaisuwa. Da fatan an sha fate an ƙoshi, an kuma ba yara sauran ƙanzo.

Labari ya iso mana Kano cewa yanzu ba a iya zama da kai a majalisa. Wai ka ƙirƙiro gem. Wai har ka sa yara sun fara kiranka injiniya, kana amsawa da ƙarfi kana gyara karin hula. Duk wannan da sauƙi. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wai kana yawo da hoton sakamako a waya kana nuna wa jama'a, sunanka a sama da 11, nawa a ƙasa da abin da ba zan faɗa ba, kana cewa ka lallasa Bakano. To tunda ka kai maganar kasuwa, a kasuwa za a ƙarasa ta, kuma ka san kasuwa gidan wa ce.

Ga wanda bai gani ba, bari in siffanta masa abin al'ajabin. Baƙin allo ne. Farar sanda ɗaya a hagu, ɗaya a dama, sai wani farin ɗigo mai kusurwa huɗu da aka ce mana wai ƙwallo ce, tana kai da komo tsakaninsu. Kana jan sandarka sama ko ƙasa ka tare ta. In ta wuce ka an ci ka. Shi ke nan fa. Sabon abu ɗaya tak a ciki: mutum yana Zariya, abokin karawarsa yana Kano, kowa da wayarsa, su buga ta intanet.

Malam injiniya, abin da ka ƙirƙiro ya girme ka. Sunansa Pong, kamfanin Atari na Amurka ne ya fitar da shi a 1972. Kuma ko a can ɗin ba a ɗauke shi babban aiki ba da farko. Nolan Bushnell, ɗaya daga cikin masu kamfanin, ya ɗauki wani matashin injiniya, Allan Alcorn, wanda bai taɓa haɗa gem ba, sai ya ba shi wannan a matsayin aikin koyon hannu. Don kada yaron ya yi wasa da aikin, ya shirga masa cewa kwangila ce daga kamfanin General Electric, alhali babu wata kwangila. Wato abin da kake taƙama da shi a Samaru, gwajin sabon ma'aikaci ne a Kalifoniya. Shi ma Bushnell ɗin ba daga sama dabarar ta faɗo masa ba. A watan Mayun shekarar ya ga wasan ƙwallon tebur a na'urar Magnavox Odyssey ta Ralph Baer, abin da ya ja aka kai su ƙara daga baya har suka biya kuɗi aka sasanta. Kafin su duka kuma, a 1958, wani masanin kimiyya mai suna William Higinbotham ya haɗa irin wannan wasa a ɗakin binciken Brookhaven don ya nishaɗantar da baƙi. Ka ga layin da ka shiga yana da tsawo, kuma kai ne a ƙarshensa.

Amma ga wurin da ni Bakano nake so a labarin. Da Alcorn ya gama, suka sayi talabijin baƙi da fari ta Hitachi a kan dala 75, suka sa ta a akwatin katako, suka maƙala mata wurin jefa kuɗi, suka ajiye a wata mashaya da ake kira Andy Capp's Tavern a garin Sunnyvale. Ba a daɗe ba mai wurin ya kira ya ce na'ura ta lalace a zo a duba. Da Alcorn ya buɗe, sai ya tarar lafiyarta ƙalau: tsabar kuɗi ce ta cika ma'ajin har ta toshe hanya. Ka ji lalacewa mai albarka. Zuwa 1975 kantunan Sears sun yi odar guda 150,000 na samfurin da ake haɗawa da talabijin ta gida. Naka gem ɗin kuwa tun da ya fito ban ji wanda ya samu ko sisi ba sai masu sayar da data. Ku Zage-zagi a ba ku littafi ku haddace, amma a tambaye ku ina riba sai ku fara kallon sama.

Kuma ko koyin ba ka yi shi daidai ba. Na'urar Alcorn ba ta da ƙwaƙwalwar kwamfuta ko kaɗan, babu layin umarni ko ɗaya a cikinta, 'yan ƙananan kayan lantarki ne ya jera ya haɗa da waya. Duk da haka ya gane abin da kai ba ka gane ba da laftof ɗinka: in ƙwallo za ta riƙa komawa daidai yadda ta zo, wasan ba shi da daɗi. Sai ya raba sandar gida takwas. In ƙwallo ta bugi tsakiya ta koma a miƙe, in ta bugi gefe ta fita a karkace, gwargwadon nisanta da tsakiya gwargwadon karkacewarta. Ya kuma sa gudunta ya riƙa ƙaruwa in an daɗe ana musayar bugu. A nan gwaninta take, domin mai wasa yana iya zaɓar inda zai aika ta. A naka na farko kuwa, in ƙwallo ta samu tsakiya, mutum biyu za su iya ajiye wayoyinsu su tafi masallaci su dawo su tarar tana nan tana safa da marwa.

Yanzu bari in yi maka adalci, abin da ba ka yi min ba. Haɗa sanduna biyu da ƙwallo aikin yini ne ga ɗan koyo. Sa mutum biyu a garuruwa biyu su yarda da inda ƙwallon take, wannan aiki ne na gaske, kuma ban raina shi ba. Makarantar koyon manhaja ta 42, wadda aka kafa a Faris a 2013, wannan aikin ta riƙa ba ɗalibanta a ƙarshen zangon karatunsu na bai ɗaya: su gina Pong da za a buga ta intanet. Ba don sandunan ba, don abin da ke tsakanin sandunan. Mutanen mashayar Sunnyvale kafaɗa da kafaɗa suke tsaye, allo ɗaya suke kallo, ƙwallo ɗaya ce, ba a gardama. Kai kuwa da ka raba allon biyu, ka raba ƙwallon ma biyu, kuma dole a samu mai cewa wacce ce ta gaskiya.

Ka tuna yadda ka fara? Kowace waya tana lissafin ƙwallonta, abin da suke aika wa juna kawai shi ne inda sanda take. Saƙo ya ɗan makara, sai wayata ta ga na tare, taka ta ga na kuskure. Daga nan kowace ta kama gabanta. Aka tashi wasa wayata ta ce ni na ci, taka ta ce kai ka ci, kowa ya aika wa ɗan uwansa hoton nasara. Wannan ne kaɗai lokacin da aka yi zaman lafiya tsakanin Kano da Zazzau a gem ɗinka, kuma da ka bar shi haka da ban rubuto ba.

Sai ka je ka yi karatu, abin da kuka iya, ka dawo da maganin da kowa ya sani: a samu kwamfuta ɗaya, uwar garke, ita kaɗai ke lissafin ƙwallo da maki. Wayoyi su aika mata abin da 'yan wasa suka danna, ita ta faɗa musu abin da ya faru. Abin da ta ce shi ne hukunci. Madalla, haka manyan wasanni suke yi. Tambaya ɗaya ta rage, wadda ba ka taɓa amsa ta a majalisa ba: ina ka ajiye uwar garken?

A laftof ɗinka. A ɗakinka. A kan cinyarka, Bazazzagi. An ba kura ajiyar nama.

Bari in yi wa jama'a lissafin, tunda ku kuka fi mu digiri amma mu muka fi ku ƙidaya. Allon waya na yau da kullum yana sabunta hoto sau 60 a daƙiƙa ɗaya, wato kowane hoto bai cika milisakan 17 ba, milisakan kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na daƙiƙa. Kai in ka danna, umarninka ba ya fita daga ɗakin, kafin hoto na gaba ya iso an karɓa. Ni fa? Tsakanin Kano da Zariya bai wuce kilomita ɗari da 'yan kai ba, da saƙon zai bi ta Kwanar Ɗangora da ba a yi faɗa ba. Amma ba nan yake bi ba. Adireshin intanet na tsohon tsari bai wuce biliyan 4.3 ba a duk duniya, ya yi kaɗan, don haka layukan waya suna cusa mutane da yawa a bayan adireshi ɗaya. Wanda ke waje ba shi da hanyar kiran laftof ɗinka kai tsaye. Sai ka yi amfani da wani mai shiga tsakani na kyauta, tunda kyauta ce ba za ka wuce ta ba, wanda kwamfutarsa take Turai.

Saboda haka in na ja sandata, umarnin zai sauka Legas, ya shiga wayar ƙarƙashin teku, ya isa Turai, ya juyo, ya sake fitowa ta Legas, sannan ya hauro Zariya. Haske a cikin zaren gilashi yana cin kimanin kilomita 200,000 a daƙiƙa, ba kuma wanda zai ƙara masa gudu, ko da farfesa ne. Ɗauki kebul ɗin MainOne da ya fara aiki a 2010, tsawonsa daga Fotugal zuwa Legas kusan kilomita 7,000: milisakan 35 ke nan a tsallakawa ɗaya. Hoton ƙwallo yana tsallaka teku sau biyu kafin ya zo min, umarnina yana tsallakawa sau biyu kafin ya je maka. Sau huɗu, milisakan 140, a cikin ruwa kawai. Ba a sa tafiyar ƙasa ba, ba a sa tsakanin wayata da ƙarfen sabis ba, ba a sa cunkoson bayan Isha ba lokacin da duk unguwa ta hau kallon bidiyo. A haɗa duka, wuce milisakan 200 ba wuya. Hoto 12 ke nan. In ƙwallo tana ratsa fili a daƙiƙa ɗaya, to lokacin da nake ganinta tana tahowa da saura kashi ɗaya cikin biyar na filin, kafin umarnina ya kai wajen alƙali ta riga ta iso. Ni ina tare ƙwallon da ta wuce, kai kana buga wadda take nan. Kuma alƙalin a cinyarka yake. Ko makaho aka ba wannan kujera zai ci 11.

Da na yi ƙorafi ka ce sabis ɗin Kano ne ba shi da kyau. To ji, maganin wannan ma ya girmi wayarka. A 1996 masu wasan Quake suka yi ta kuka, domin a kan layin tarho na lokacin in mutum ya danna sai ya jira amsa daga uwar garke kafin ya ga ya motsa. John Carmack ya fitar da QuakeWorld a ƙarshen shekarar, da dabarar da har yau ake bi: na'urar ɗan wasa ta motsa shi nan take ba tare da jiran izini ba, in amsar uwar garke ta iso aka ga bambanci sai a gyara. A naka, sandata ma sai ta je Turai ta nemo izini kafin ta ɗaga. Akwai kuma dabarar da kamfanin Valve ya yi bayaninta tun 2001: uwar garke ta riƙa ajiye tarihin 'yan daƙiƙun da suka wuce, in umarnina ya iso ta duba lokacin da na danna, ta koma baya ta ga ko a abin da nake gani a lokacin na tare. Masu wasannin dambe da kokawa na gem suna da tasu, irin ta GGPO da Tony Cannon ya rubuta: kowace na'ura ta yi hasashen abin da abokin karawa zai danna, in hasashen bai yi daidai ba a warware a sake lissafi cikin ƙiftawar ido.

Abin haushin ma, babu wasan da ya kai naka sauƙin wannan. Ƙwallon Pong ba ta da ra'ayi. Daga barin sanda har ta isa ɗaya sandar a miƙe take tafiya, in ta bugi bango ta karkato yadda kowa ya sani. Da za ka aiko min abu uku kawai a duk bugu, inda take, inda ta nufa da gudunta, da lokacin da aka buga, wayata za ta lissafa sauran da kanta ta nuna min ita a inda take yanzu. Kai kuwa sau 60 a daƙiƙa kake aiko min da cikakken bayanin fili, har da sunana da naka, kamar zan manta su. Datata ce take tafiya, shi ya sa bai dame ka ba.

Sannan hanyar da ka bi da saƙonnin. WebSocket ka ɗauka saboda shi ne mai sauƙi a burauza, shi kuma a kan TCP yake tafiya, wanda ƙa'idarsa ita ce kowane ƙunshin saƙo ya isa kuma a jere. In ɗaya ya ɓata a hanya, duk na bayansa su tsaya sai an sake aiko shi. Ka san yadda ake yi in tirela ta kafe a inda aka mai da hanyar Zariya hannu ɗaya: motar da ke bayanta lafiyarta ƙalau amma ba inda za ta, in aka janye kuma kowa ya kwararo lokaci guda. Shi ya sa ƙwallo takan daskare a tsakiyar allona, in ƙifta ido in gan ta a bayan sandata. Wasanni masu sauri UDP suke bi, wanda in ƙunshi ya ɓata ba a jiransa, domin labarin inda sanda take ɗazu ba shi da amfani in ga na yanzu ya iso. A burauza ma akwai hanyar yin haka ta WebRTC. Na san ka gani, ka ga da wuya, ka rufe shafin ka tafi shan fate.

Sauran aibobin zan wuce su da sauri don kada a ce na yi maka tsirara. Ka ɗaura gudun sanda a kan sabuntawar allo, sai ga shi sabuwar wayarka mai sau 120 tana jan sanda ninki biyu na tawa; ka ce baiwa ce. In ƙwallo ta yi gudu sosai tana ratsa sanda ta fice ta baya, saboda a hoto ɗaya tana gabanta, a na gaba tana bayanta, ba ka kuma duba layin da ta bi tsakaninsu ba. A wani gyaran kuma ka bar waya tana faɗa wa uwar garke inda sanda take kai tsaye, ita kuma ta yarda ba bincike. Duk yaron da ya yi wata biyu yana gyaran waya a Farm Centre zai iya sa sandarsa ta riƙa bin ƙwallo da kanta ya tafi cin gurasa. Ban sa an yi ba, don mu ba ma cin haram, amma an yi min tayi.

Inda halinka ya fi fitowa shi ne dokar yankewa. In aka kira ni a waya sabis ya katse na 'yan daƙiƙu, gem ɗin ya rubuta na gudu, a ba ka maki. In aka ɗauke muku wuta batirin laftof ɗin nan naka da ya daɗe da rasuwa ya mutu, uwar garke ta mutu tare da shi, sai a ce wasa bai kammalu ba, ba a ƙirga. Na kuma lura da wani abin mamaki game da wutar unguwarku: ba ta taɓa tafiya in kana gaba. Ban zarge ka da taɓa soket da ƙafa ba. Na dai lura.

Yanzu kuma wai za ka faɗaɗa, a riƙa buga wa mutum huɗu, kowa da bangonsa. Atari sun yi wannan ma a 1974, suka kira shi Quadrapong. Mutum huɗu kuwa yana nufin ƙwallo huɗu a allo huɗu, kowa da nasa jinkirin, ga wanda zai fita a tsakiyar wasa a rasa mai tsaron bangonsa. Kafin ma a kai can, ina mutanen? Duk lokacin da na shiga ɗakin jiranka ni kaɗai nake, rubutu yana cewa ana neman abokin wasa, har sai na kira ka da katina na ce ka shigo. Gina gem daban, riƙe shi daban: kwamfutar da ba ta barci, mai biyan hayarta duk wata, mai tashi cikin dare in ta tsaya, da jama'ar da za su tarar da juna a ciki. A cikin huɗun nan ba ka da ko ɗaya.

Da ka zo ka durƙusa ka nemi shawara kamar yadda ya kamata bawa ya yi, da na faɗa maka abin da kowane mai gidan gem a Kano ya sani. Ka sa wayoyin a kan wayfay ɗaya a ɗaki ɗaya, jinkirin ya dawo 'yan milisakan da ba mai jin su, ka sa benci da inji, ka sa yaro a ƙofa yana karɓar kuɗi, wanda aka ci ya tashi na gaba ya zauna. In kuma dole sai an buga daga nesa, ka kama hayar uwar garke a cikin ƙasar nan, Legas ko Abuja, inda ni da kai duk za mu yi tafiya kafin mu isa gaban alƙali. Jarin ni zan zuba, kashi 70 nawa, 30 naka, sunanka kuma a rubuta shi a ƙasa da ƙananan baƙaƙe, a gabansa a sa injiniya tunda abin da kake so ke nan.

Maganar 11 ɗin nan kuwa ban karɓa ba, kuma ga sharaɗina. Ranar Asabar bayan La'asar, a nan Kano. Waya iri ɗaya, wayfay ɗaya. Laftof ɗin a jona shi a inji, a ɗora shi a kan tebur nesa da ƙafarka, a samu Bakatsine ya zauna gadinsa tunda shi ba ya son ko ɗayanmu ya ci. Wanda aka lallasa shi zai sayi tsire na duk wanda ya zo kallo, ni kuwa na riga na gayyaci layinmu gaba ɗaya. Ka taho da cajarka don ba ma ba da aro, kuɗin mota kuma zuwa da komawa daga aljihunka.